Tambaya da Amsa: Wai allurar gwaji tana watsa kansa a jiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata ce aka ga kulluto a mamanta na hagu wajen wata biyu kenan, an yi hoto an ce sai an sa allura an ɗebo ɗan nama an duba, toh 'yan'uwa duk sun tada hankali wai da zarar ƙarfe ya taɓa kansa shikenan ta watsu, wasu kuma na cewa in aka kai ga gashi ƙona mutum na'urar take yi kuma ba a zama kusa da shi bayan nan. Dan Allah a warware min, wallahi na rasa na kamawa. Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alheri da kika tsaya mata.

Ki bari a ɗebi naman nan, kar a ƙara ko sati. Hoto komai kyansa kulluto kawai yake nunawa da girmansa, naman da aka sa a madubin likita ne ke faɗin kansa ce ko ba ita ba, kuma da yawan kulluton mama in aka duba ba kansa ba ne ma. Allurar kanta ana kashe wajen da magani tukuna, likita na kallon sikanin yana bin hanya har bakinta ya shiga kulluton, a ɗebo 'yan sili-sili na nama, a manna filasta ta koma gida ranar. Watsuwar ciwo ta hanyar allura abu ne da ba kasafai ake gani ba sam. Abin da ya haifi maganar shi ne mutane kan zo ciwo ya riga ya ci jiki, sai a yi gwaji, bayan 'yan watanni jiki ya rikice, sai laifi ya koma kan allura alhali jinkiri ne ya yi ɓarnar.

Kuma kinga wannan ɗan naman shi ke zaɓa wa Mama magani, don kansar mama ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda sinadarin mace na jiki ke ciyar da ita, ita ana ba da ƙwaya irin tamoxifen a sha na shekaru. Akwai mai alamar da ake kira HER2, kusan ɗaya cikin biyar ko shida, da can tana cikin masu saurin cin jiki amma tun 1998 da aka amince da maganin Herceptin a Amurka labarinta ya canza sosai. In ba a duba naman ba ai lalube kawai za a yi a duhu.

In sakamako ya nuna ita ce, za a so a san ko ta je wani waje. Nan ne za ki ji ana kiran hotunan cikin jiki irin su CT, wanda tun 1971 aka fara amfani da shi a Ingila, ko MRI da ke aiki da maganaɗisu, ko PET. Shi PET ɗin nan abin mamaki ne gaskiya, ƙwayoyin kansa suna da kwaɗayin sukari fiye da sauran, sai a hana mutum cin abinci kamar awa 6, a yi masa allurar sukari mai ɗauke da ɗan sinadari mai fitar da haske, ya kwanta shiru wajen awa ɗaya ba surutu ba yawo, sannan a shiga da shi na'ura, duk inda ciwon ya ɓuya sai ya haska a allo. Ba kowa ke buƙatarsa ba fa, kar ki ga ba a rubuta wa Mama ba ki ɗauka an yi mata ƙwauro.

Sai batun gashi, wato kashe ƙwayoyin kansa da hasken na'ura. Sunan ne ke tsorata mutane, amma babu wuta babu zafi a lokacin. Kafin a fara ana yin hoto a auna wajen, a ɗiga 'yan ɗigo ƙanana a fata don kullum a kwanta daidai inda aka kwanta jiya, kwamfuta ta tsara ta inda hasken zai shiga ya kauce wa zuciya da huhu, wanda ke da muhimmanci tunda na hagu ne. Mama za ta kwanta hannu a sama, kan na'urar ya zagaya ta yana ɗan ƙara, 'yan mintoci an gama, yawanci Litinin zuwa Juma'a na wasu makonni. Ba zan ɓoye miki ba, fatar wajen kan yi duhu ko ta yi kamar ƙunar rana, ga gajiya, amma suna lafawa bayan an kammala. Kuma da an kashe na'urar babu abin da ya rage a jikinta, ta ɗauki jikokinta, ku kwana ɗaki ɗaya. Bayan PET kuwa ana cewa a ɗan nisanci jarirai da masu ciki na wasu awoyi.

Ranar karɓar sakamako ki raka ta da biro da takarda, ki tambayi likitan wane iri ne, wane mataki ya kai, da me za a fara, tiyata ko kemo, wato maganin da ke bin jini yana kashe ƙwayoyin kansa, kuma ki karɓi kwafin takardar ki adana. In da hali ki tafi da ɗaya daga cikin masu tsoron allurar nan ya ji da kunnensa.