Ɗan zane a farantin gilashi

Jiya ina cikin lissafin kuɗin takarda ka tare ni da tambaya, wai wa ya fara ɗaukar hoton tauraron da ke yankewa ya faɗo, kuma da wace kyamara tun da a da babu irin taku. Na yi banza da kai. Da dare sai barci ya ƙi zuwa, domin ka fama mini tsohon miki. Zauna ka ji.

Sunansa Ladislaus Weinek, shugaban ɗakin nazarin taurari na birnin Prag. Daren 27 ga Nuwamba 1885 sama ta yi ruwan wuta a Turai, dubbai a cikin awa guda. Ƙurar wani tauraro mai wutsiya ce da ake kira Biela, wanda aka ga ya rabe biyu a 1846, duniya ta ratsa ta cikinta. Weinek ya buɗe idon kyamararsa a kan farantin gilashi mai magani, don a lokacin da shi masu nazarin sama ke aiki. Cikin dubban nan ka san nawa ya kama? Ɗaya. Zanen kuma tsawonsa milimita 7, bai kai faɗin farcen ɗan yatsanka ba. Farantin ba ya jin haske da wuri, abin kuma ƙiftawar ido ne, sai mai tsananin haske yake barin sawu. Wannan ɗan zanen shi ne kakan duk hotunan irin wannan tauraro da kake gani a wayarka, kuma ya kai ga idon mutane ne saboda ba a damƙa shi a hannun sakarai ba.

Ni nawa an damƙa. A Nuwambar 1999 na ji a rediyo cewa daren 17 wayewar 18 za a yi irin wannan ruwan. Na rufe shago tun la'asar, na bar aikin biki da aka riga aka ba ni kafin alƙalami, na ari kyamara ta biyu, na sayi fim mai kala mai jin haske da kuɗin da ya kamata ya tafi haya. Na hau babur zuwa gonar wani abokina inda babu fitila ko ɗaya. Yadda ake kafa kyamara a ƙafa uku da yadda ake barin ido a buɗe ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san wannan ba ya koma tallan rake. Sanyin hunturu ya shiga ƙashina, yatsuna suka sandare. Wajen ƙarfe uku na dare sama ta ɓalle. Ina buɗewa ina rufewa, minti biyar biyar, sai ga wani babba, kore shar, ya tsaga sama daidai inda na saita, ya fashe, ya bar hayaƙi yana lilo. Wallahi na san na kama shi. Na yi hamdala a wurin.

Baƙi da fari ni nake wanke abina, amma mai kala sai injin. Na kai wani babban wurin wanki, na ce wa na kan kanta, da bakina, kada a yanka fim ɗin nan, a ba ni shi a naɗe. Ya ce to. Bai rubuta ba, ni kuma ban tsaya a kansa ba, na tafi lallashin mai bikin da na saɓa wa. Kai ka sani, a nagatif duhu fari yake fitowa. Yaron da ke kan injin ya ɗaga fim ya ga fes, ya ce ai wannan bai ɗauki komai ba. Ya rasa iyakar hoto da hoto, ya sa almakashi inda ya ga dama, saura ya watsa a kwandon shara. Da na dawo na zazzage kwandon nan da hannuna a gaban mutane. Na sami rabin zanen, wutsiyar. Rabin da ya fashe, wanda shi ne hoton, ya bi shara tun safe. Mai wurin ya miƙo mini sabon fim guda wai diyya. Ban karɓa ba, ban kuma sake taka ƙofarsa ba. Rabin yana nan cikin ambulan a ƙasan akwatina, kuma kada ka ce mini kwamfuta za ta cike, ba na son hoton ƙarya.

Abin da ke ƙona mini rai da yaran yanzu ke nan, ku danna sau ɗari ku goge, ba ku san darajar fitowa ɗaya ba. Mutanen da suka kafa wannan aiki da abin da ke hannunsu suka yi. William Elkin na jami'ar Yale a Amurka, a shekarun 1890, wilin keke ya samu ya rufe sassansa, ya sa yana juyawa a gaban kyamarori. Zanen sai ya fito a yanke, guntu guntu. Ka san saurin juyawar wili, ka ƙirga guntaye, ka san tsawon lokacin da abin ya yi. Ya kuma ajiye kyamara a wuri na biyu, domin idan an ɗauka daga wurare biyu ana iya lissafa nisansa daga ƙasa. Tashoshinsa sun yi kusa da juna, lissafin bai fito sosai ba, sai da Fred Whipple na Harvard ya nisanta su daga 1936.

A Cekoslobakiya kuwa, ɗakin nazari na Ondřejov ya fara buɗe kyamarori dare bayan dare a 1951. Shekara 8 suna canza faranti kafin 7 ga Afrilu 1959, ranar da wani ƙato ya haska sama suka kama shi daga tashoshi biyu. Zdeněk Ceplecha ya zauna da hotunan ya lissafa inda zai sauka da hanyar da ya biyo a kewayen rana. An tsinci guntayen dutsensa guda 4 a yankin Příbram. Shi ne karo na farko da aka haɗa dutse a hannu da hoton faɗuwarsa. Bayan shekara uku, 3 ga Oktoba 1962, namu ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, kilo 18, daga baya aka gano daga duniyar Mars yake. Babu kyamara ko ɗaya da ke kallon samanmu ranar, kuma wannan ma yana cina.

Daren 13 ga Disamba akwai wani ruwan, duk shekara yake zuwa. Idan hazo ya ɗaga za mu fita. Ni zan zauna a gonar nan, kai ka ɗauki kyamara ta biyu ka yi nisa da ni sosai, mu daidaita agogo kafin mu rabu. Ka zo da bargo da batir biyu, wayarka kuma ta zauna a aljihu, haskenta kashe ido yake. Katin da ke cikin kyamarar nan, in gari ya waye, daga hannunka sai nawa.