Saniya ta yi ɓari na cire mabiyiya da hannu, yanzu zazzaɓi ya ƙi barina

Tambaya: Likita, ina aiki a wata gonar kiwon shanu. Wata biyu da suka wuce saniya ta yi ɓari, mabiyiya ta maƙale, na sa hannu na ciro ta babu safa. Tun daga nan zazzaɓi ke zuwa yana tafiya, ga zufa cikin dare da ciwon baya. Na sha maganin maleriya da na taifot, shiru. Ko akwai alaƙa?

Amsa: Malam, Allah ya ba ka lafiya. Ba zan yanke hukunci ban gan ka ba, amma abin da ka faɗa ya yi kama ƙwarai da cutar da makiyaya ke kira bakkale, wadda a asibiti ake ce wa burusela.

Saniya mai bakkale takan zubar da ciki a watannin ƙarshe, mabiyiya ta maƙale, wata ma ka ga gwiwarta ta kumbura ta tara ruwa. Ƙwayar cutar ta fi yawa a cikin ɗan da aka ɓarar, da mabiyiya, da ruwan haihuwa. Ƙaramin yanka a yatsa ko faso ya ishe ta shiga, haka idan ruwan ya fantsamo maka a ido. Tana bi ta madarar da ba a tafasa ba. Awaki da tumaki ma suna da irin tasu, wadda ta fi tsanani a jikin mutum. Alamu sukan bayyana bayan mako 2 zuwa 4, wani lokaci su yi watanni.

Abin da ke damuna shi ne yadda masu aiki irin naka ke shekara suna shan maganin taifot, alhali ba wanda ya tambaye su sana'arsu. To kai ka faɗa da bakinka. Ka je babban asibiti ka ce da shanu kake aiki, ka sa hannu ka ciro mabiyiyar saniyar da ta yi ɓari, kana so a gwada jininka na burusela. Idan ta tabbata, magani iri biyu ake haɗawa, yawanci doxycycline da rifampicin ko allurar streptomycin, kuma sai an yi mako 6. Jiki zai yi sauƙi tun kafin nan. Wanda ya tsaya a hanya, cutar kan dawo, ta iya kama ƙashin baya, gaɓoɓi ko maraina. Kada ka saya da kanka a kemis.

A wurin aiki kuwa, kada ka ƙara sa hannu a mahaifar dabba sai da doguwar safar roba mai kaiwa kafaɗa, da takalmin roba, da abin kare ido. Samar da waɗannan haƙƙin mai gona ne, ba alfarma ba ce. Ɓarin da mabiyiya a binne su a rami mai zurfi, kada a jefa wa karnuka, domin su ne ke jan su zuwa inda sauran dabbobi ke kiwo. A wanke wurin da bilic, a ware saniyar, a kira likitan dabbobi ya gwada garken duka. Mace mai ciki kada ta kusanci wurin.

Akwai rigakafin bakkale mai suna S19 da ake yi wa 'yan maruƙa mata, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato na yin sa. Ƙwayar cikinsa mai rai ce, don haka idan allurar ta soki mai yi, ya nufi asibiti a ranar. Abokan aikinka da iyalinka da suka sha madarar gonar ɗanya, duk mai zazzaɓi cikinsu ku tafi tare a gwada shi.