Amsa: A yi doguwar hanya gaba ɗaya ko a yanka ta kashi-kashi?

Malam, ka tambaya ko ka bi hanyar Appalachian, wata doguwar hanyar ƙafa da ke ratsa duwatsun Amurka, a tafiya ɗaya, ko ka riƙa yin ta kaɗan-kaɗan duk shekara. Hanyar ta kai kusan kilomita 3,500, daga jihar Jojiya zuwa Maine, ta ratsa jihohi 14. Mai yin ta a jere yana cinye wata biyar zuwa bakwai, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ke kaiwa ƙarshe. Ana farawa daga Jojiya a Maris ko Afrilu domin a isa dutsen Katahdin, inda hanyar ta ƙare a Maine, kafin tsakiyar Oktoba, lokacin da sanyi ke rufe hawansa.

Amfanin yi a jere shi ne bayan mako uku ko huɗu ƙafa ta saba, kilomita 25 a rana ta zama ba komai. Mai yanka ta kuwa, duk dawowa sai jiki ya sake koyo daga farko, ga kuɗin jirgi daga Kano duk zuwa. A nan ne kashi-kashi ke cutar ɗan Katsina irinka. Sai dai izinin zaman baƙo a Amurka yawanci wata shida ne, ya matse ƙwarai ga mai yi a jere.

Ni dai shawarata, fara da kashi ɗaya na mako biyu. Kafin nan ka riƙa zagaya gari bayan sallar asuba da jaka mai kilo 10, cikin takalmin da za ka tafi da shi. Sabon takalmi da jaka mai nauyi su suka fi mayar da mutane gida a makon farko: ƙafa ta yi bororo, gwiwa ta kumbura wajen gangarowa.