Amsoshin Tambayoyi: An Yi Mini Tallan Gandun Farauta Mai Daji da Tafkuna

Wani ɗan kasuwa mazaunin Unguwar Rimi a nan Kaduna ya rubuto yana cewa dillali ya kawo masa tallan wani makeken gandu a wajen hanyar Kachia, wanda aka ce ya kai hekta 800, da daji a cikinsa, da tafkuna biyu, da gonakin masara. An kuranta masa wurin da cewa gandun farauta ne irin na ƙasashen waje, inda zai riƙa kai baƙi su yi harbi su biya kuɗi. An nuna masa bidiyo a waya, an kuma ce ya ba da kafin alƙalami cikin mako biyu domin akwai wani mai so daga Abuja. Yana tambaya ko ya saya ko ya haƙura.

Alhaji, shi wannan mai so daga Abuja kusan kowane dillalin fili yana da irinsa a aljihu, saboda haka kada ya ɗaga maka hankali har ka yi cinikin biri a sama. Shawarata ita ce ka yi wa wurin kuɗi a matsayin gona mai ruwa, kada ka ƙara ko kwabo saboda kalmar farauta da aka liƙa masa.

Gandun farauta yana kawo kuɗi a Afirka ta Kudu ne saboda tun a shekarar 1991 dokarsu ta amince cewa namun dajin da mutum ya killace da shinge mai inganci mallakarsa ne, yana iya sayar da su ko ya ba baƙo damar harbinsu, kuma an gina kasuwa sukutum a kan wannan. Mu a nan ba mu da irin wannan kasuwa. Abin da muke da shi shi ne dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da jihohi suka gada, da dokar tarayya ta 1985 mai kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, kuma sayen fili ba ya halatta maka harbin dabbar da doka ta haramta. Bindigar ma sai da lasisi a ƙarƙashin dokar makamai ta 1959. Sannan ka tambayi kanka mene ne ma ya saura a dajin da za a harba. Manyan namun daji irin su gwanki sun yi ƙaranci ƙwarai a dazuzzukan da ke kusa da gari, abin da maharbi kan samo yanzu bai wuce zomo da zabo da makwarwa ba, sai gada in an yi sa'a. In kuwa ka ce za ka killace ka zuba naka dabbobin, ka sani cewa fili mai hekta 800, ko da murabba'i ne daidai wa daida, kewayensa ya haura kilomita 11, kuma shingen da zai tsare barewa ba irin wayar da ake kewaye lambu da ita ba ne.

Takarda ita ce abu na farko da za ka nema. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Filaye ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake saye shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda galibi ake rubuta shekara 99 a takardar shaidar mallaka, kuma mai riƙe da wannan takarda ba ya iya sayar maka da haƙƙinsa sai da amincewar gwamna. Dokar ta kuma ce ƙaramar hukuma ba ta da ikon ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 domin noma sai gwamna ya yarda. Wato idan abin da mai gandun ya riƙe takardar ƙaramar hukuma ce kawai, ko rubutun dagaci da shaidu uku, to akwai gyara a maganar hekta 800. Ka sa lauyanka, ba lauyan mai sayarwa ba, ya je hukumar KADGIS mai kula da bayanan filaye ta Jihar Kaduna ya bincika sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da wurin ga banki, ko kuma wani sashe nasa ya faɗa cikin gandun dajin gwamnati ko makiyaya, musamman da yake makiyayar Ladduga tana wannan yanki na Kachia. Ka kuma ɗauki safiyo naka ya bi iyakar kusurwa-kusurwa. Dillalai da yawa kan cakuɗa eka da hekta, wani da gangan wani da rashin sani, alhali eka 800 ba ta kai hekta 325 ba.

Tafkunan kuwa, kada ka yarda da bidiyon da aka ɗauka a watan Satumba. Na taɓa raka wani ɗan'uwana kallon gona a ƙarshen damina, muka tarar da ruwa fal har da bado a kansa, da yara suna kamun tarwaɗa a baki, shi kuwa mai gonar yana rantsuwa cewa bai taɓa ganin ruwan ya ƙafe ba. Allah ya taimaka cinikin ya ja lokaci, muka koma a watan Maris, abin da muka samu shi ne taɓo busasshe ya tsattsage kamar tafin ƙafar manomi, da sawun kofaton shanu a daskare a cikinsa, da wata 'yar rijiya da makiyaya suka tona a tsakiya. Kududdufi ne aka kira shi tafki. Ka je ka gani da idonka a Maris ko farkon Afrilu, kafin ruwan farko ya sauka. Idan kuma madatsa ce aka yi da ƙasa, ka taka kan bangon ka duba ko yana tsattsafo daga baya, ko itatuwa sun tsiro a kansa, domin saiwarsu ce ke buɗe wa ruwa hanya, ka kuma tambayi ta ina rarar ruwa ke fita a watan Agusta da kuma gonakin su wa ke ƙasa da ita. Ƙasar gonar ita ma ka ɗebi samfurinta daga wurare daban-daban ka kai a auna, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ba ta yi maka nisa ba.

Wani abin da ba ya fitowa a bidiyo shi ne mutane. Daji mai wannan girma da wuya a ce babu mai moransa: akwai matan da ke tsintar kaɗanya da ɗorawa tun zamanin kakanninsu, akwai masu noma a gefe bisa aro ko haya, akwai burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya, wataƙila ma da maƙabarta. Ka zauna da dagaci, da arɗon Fulanin yankin, da sarkin baka in suna da shi, ba tare da dillalin ba, ka ji abin da za su ce game da iyaka da kuma magadan wanda ya fara sayar da wurin. Batun tsaro kuwa, tambaya ɗaya ta isa: ma'aikatan gonar a can suke kwana, ko da la'asar suke tattarawa su koma gari? Idan duk wannan ya yi daidai, ka taya a kan farashin gona.

Wata Hajiya daga Malali ta ce ta gaji wani yanki na daji kusa da gonar mahaifinta, masu gawayi sun yi mata tayin sare itatuwan su biya ta, tana tambaya ko ta karɓa ta mai da wurin gona.

Hajiya, kuɗin gawayi sau ɗaya ake karɓarsa, kuma masu sarar ba sa zaɓe, kirya da kaɗanya suka fi so saboda nauyin gawayinsu. Kaɗanya kuwa takan ɗauki shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Idan noma kike so, ki share sashen da ƙasarsa ta fi kyau, ki bar kaɗanya da ɗorawa tsaye a cikin gonar kamar yadda manomanmu suka saba, kada kuma ki bari a taɓa itatuwan bakin rafi, domin su ne ke riƙe ƙasa kada zaizaya ta cinye miki fadama. Ki nemi izinin jami'an gandun daji kafin a sa gatari.

Wani matashi daga Barnawa ya ce ya ga irin waɗannan gandaye na sayarwa a Sikotilan, wani yanki na Birtaniya, yana tambaya ko ba su fi na gida kwanciyar hankali ba.

Takardunsu sun fi namu tsabta, wannan gaskiya ne. Amma dokar da suka yi a shekarar 2003 ta ba jama'a damar ratsa yawancin filaye da ruwayen ƙasar a ƙafa ko a keke ko a kwalekwale, ko da kuwa mallakar wani ne, saboda haka ba za ka saya ka kulle ba. Farautar ma tana da lokutanta da doka ta ƙayyade, kana kuma biyan masu kula da dajin albashi duk shekara ko an yi harbi ko ba a yi ba, kuma sayen fili a Birtaniya ba ya ba mutum izinin zama a ƙasar.