Ba inji ne ya cinye fentin Alhaji ba

Tambaya: Malam, ina da wurin wankin mota a Garwa, bara kuma na sayi injin goge fenti. Wani Alhaji ya kawo Peugeot 504 ta marigayi mahaifinsa, wadda ba a taɓa sake mata fenti ba, ya ce a fito da ƙyallinta. Na ba ɗan yayata aikin, fentin ya cinye a gefen murfin inji da bakin ƙofa. Alhaji ya ce sai na biya sefa 400,000. Ina son in ci bashi in sayo injin da ya fi wannan, don na gani a Facebook masu sana'ar nan a Turai suna samun kuɗi sosai.

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye maganar bashi. Injinka bai yi laifi ba. Kai ne ka ɗauki aikin da in ya ɓaci ba ya gyaruwa, ka damƙa wa yaro don ɗan yayarka ne, ba don ka taɓa ganin ya iya ba. Ko ka sayo inji na miliyan, in hannun nan ka miƙa wa, ɓarnar ce za ta ƙara sauri.

Tun 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa, daga baya aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna. Yawancin motocin zamanin, har da Mercedes irin ta 1976 da ake ji da ita, fentinsu ba shi da rufin nan mai kama da gilashi da motocin yanzu suke da shi. Launin ne a waje tsirara, shi ya sa in ka goga za ka ga soso ya ɗauki launin motar. Kaurin fentin duka bai wuce na takarda ɗaya ko biyu ba, kuma rana da ƙurar hunturu da sabulun gari sun yi shekara arba'in suna cinsa. A gefe da kusurwa ya fi siranta. Goge fenti ragewa ne, ba ƙarawa ba. Abin da inji ya kwashe ya tafi ke nan. Ga zafin Garwa da yake haura digiri 40 a watan Afrilu, in ƙarfe ya ɗau rana aka ɗora masa inji, ƙiftawa da bismilla an kai ƙasa. Yaron ya san wannan? Kai ka tambaye shi?

Na san wani mai gareji a Marwa da ya bar wa ƙaninsa tsohuwar Mercedes ta wani dattijo ya tafi masallacin Juma'a. Kafin ya dawo rufin motar ya yi dabbare-dabbare. Ya biya, ba a nan abin ya tsaya ba: dattijon yana da abokai masu motoci, duk suka ɗauke ƙafa. Shi kuma mai garejin ya kasa sallamar ƙanin saboda mahaifiyarsu, har aka sake ɓata wata. Kunya ce ta rufe garejin nan, ba rashin kayan aiki ba. Kai ma ina jin kunyar yayarka ce ta sa ka kawo mini maganar inji, ba maganar yaron ba.

Batun Turai kuwa, cire shi daga ranka. Can akwai masu tara tsofaffin motoci da ke biyan kuɗi mai yawa don fentin asali. Nan fa? Yawancin 504 ɗinmu sun yi aikin haya, an fente su sau uku sau huɗu, an cike lotsawarsu. Masu fentin asali ba su da yawan da za su biya maka bashi. Abincinka yana wajen Hilux da Prado da Corolla.

Je ka sami Alhaji da kanka, tare da dattijon da yake ganin girmansa. Kada ka ce za ka fente motar gaba ɗaya, wannan zai ƙarasa kashe abin da yake ƙauna a jikinta. A nemo ƙwararren mai fenti ya haɗa launi ya taɓa inda ya cinye kawai, kai ka biya, sauran a daidaita ka riƙa bayarwa wata-wata.

Ɗan yayarka ya koma wanki da share cikin mota. Ba kora ba ce, albashinsa na nan. In yana son inji, ka sayo tsofaffin murafen inji wajen masu sayar da ƙarafa, ya yi ta gogewa har ya ƙona su, ya gane inda fenti yake ƙarewa. Kai ma ka zauna ka koya tare da shi.

Kuɗin da za ka kashe yanzu bai wuce na na'urar auna kaurin fenti ba, sefa 30,000 zuwa 50,000 za su iya samo maka mai dama-dama. Daga yau duk tsohuwar motar da ta shigo, ka ɗauki hotonta ta kowane ɓangare a gaban mai ita, ka auna, ka gwada a ɗan wuri da ba a gani, a inuwa. Ka fara da hannu da man goge mai laushi, ka liƙe gefuna da salatif. In awo ya nuna fenti ya yi siriri, ka ce wa mai motar wanki da shafa kakin ƙyalli kawai za ka yi mata, ku rubuta hakan ku sa hannu.