Disciplina Kičme: ina funk ya shigo cikin kiɗan Belgrade?

Tambaya: Malam, na ji wani tsohon kiɗa na ƙungiyar Disciplina Kičme ta ƙasar Sabiya. An ce mini 'yan "new wave" ne, amma kunnena funk yake ji. Wanne ne daidai, kuma su wane ne?

Amsa: Kunnenka bai yaudare ka ba, wanda ya faɗa maka ma bai yi ƙarya ba. Asalinsu new wave ne, funk kuwa, wato kiɗan rawa na baƙaƙen fatar Amurka, daga baya ya mamaye gidan.

Bayan rasuwar shugaba Tito a 1980, samarin Belgrade, babban birnin Yugoslabiya a lokacin, sun tsunduma cikin new wave, wato sabon salon da ya biyo bayan kiɗan punk. A 1981 kamfanin Jugoton na Zagreb ya haɗa ƙungiyoyi uku a faifai guda mai suna Paket aranžman: Idoli da Električni Orgazam da Šarlo Akrobata. Mai kaɗa jitar bass a ta ukun shi ne Dušan Kojić, wanda kowa ke kira Koja. Faifai ɗaya tak 'yan Šarlo Akrobata suka fitar na kansu, sai tafiyar ta watse. Abokin kiɗansa Milan Mladenović ya kafa ƙungiyar da ta zama Ekatarina Velika, Koja kuma ya kafa Disciplina Kičme.

Ga inda amsarka take. Koja ya cire jitar da aka saba ji gaba ɗaya, ya bar bass, mai kaurin murya, da ganga. Bass ɗin da aka saba ajiyewa a baya ya dawo gaba, ana matse muryarsa da na'ura har ya riƙa kururuwa irin ta jitar Jimi Hendrix, shahararren makaɗin Amurka. To idan babu jita, me zai riƙe waƙa? Sai bugu. Gajeren zubi ake ta maimaitawa, baitin waƙar ma layi ɗaya ne ko biyu, ana nanata shi kamar taken zanga-zanga. Haka faifansu na farko na 1983 yake, ɗanye shar. Da tafiya ta miƙa aka ƙara makaɗin ganga na biyu, aka kawo masu busa ƙaho. Bass mai nauyi, ganga biyu, ƙaho a sama: ai funk ya zauna ke nan. A ganina faifan Zeleni Zub na planeti dosade na 1989 ne ƙololuwarsu, daga nan zan ce ka fara.

Da yaƙi ya wargaza Yugoslabiya, Koja ya koma Landan a farkon shekarun 1990. Can ya sake ɗaura ɗamara da sunan Disciplin A Kitschme, da mawaƙiya Gofie Bebe, suna rera da Turanci. Salon drum and bass mai saurin bugu da 'yan Landan ke haɗawa da na'ura, su da hannu suke kaɗa shi. Daga baya ya dawo Belgrade ya haɗa sabbin makaɗa.

Don haka duba rubutun sunan a jikin abin da ka ji. In Kitschme ne, na bayan ƙaurar Landan ne, kuma bugun zai fi sauri.