Amsa ga ɗana a kan kalmar sirrin da ta dame shi

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iske ni lafiya. Ka ce ka ɗora Ubuntu, wato wani nau'in Linux, tsarin da yake tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a kan tsohuwar kwamfutar da na ba ka, tunda an daina yi wa Windows 10 gyara a watan Oktoban 2025 kuma injin ba zai iya ɗaukar sabon ba. Wannan ka kyauta. Sannan ka yi mini tambaya biyu: ko akwai hanyar da za ka kashe kalmar sirrin da take nema duk lokacin da za ka saka manhaja, tunda kwamfutar taka ce kai kaɗai, da kuma ko gaskiya ne abin da abokanka na Yelwa suke faɗa, wai a al'adar masu Linux abin kunya ne a ga mutum yana aiki da linzamin kwamfuta, sai dai ya riƙa rubuta umarni a baƙar taga, wato tagar umarni. Ta biyun ta sa ni murmushi. Ta farkon kuwa ta tayar mini da hankali, domin na taɓa ganin inda wannan tunanin ya kai wani.

Kafin in san mene ne kwamfuta, gyaran rediyo da taipireta na koya a wajen wani dattijo a kusa da kasuwar Wunti, Allah ya jiƙansa. Yana da doka guda da ba ya sassauta wa kowa: ba ka yanke waya, ba ka ɗora ƙarfen dalma a kan komai, sai ka faɗa masa da bakinka abin da za ka yi, ko da ya juya maka baya yana sauraron labarai. A lokacin muna ganin takura ce kawai. Sai daga baya muka lura cewa sau da yawa, a tsakiyar faɗin ne mutum yake jin kuskurensa da kunnensa, ya janye hannu tun kafin maigida ya tanka. Idan ya ga ɗayanmu yana rawar jiki sai ya ce, “Sauri ya haifi nawa,” ya ci gaba da abin da yake yi.

Da na koma harkar kwamfuta, a zamanin da kamfanin Canonical, mai yin Ubuntu, yake aiko da faifansa kyauta ta gidan waya, abin da ya ci gaba har shekarar 2011, sai na tarar da dokar maigidana a cikin injin. Ubuntu ya fara fitowa a watan Oktoban 2004, kuma tun daga lokacin aka tsara shi ta yadda mutum ba ya zama a kujerar mai cikakken iko, wanda ake kira root, yana aikinsa na yau da kullum. Kana zaune ne a matsayin mai amfani kawai, fayilolinka suna hannunka, amma duk abin da zai taɓa gindin tsarin sai ka fara da kalmar sudo, ka ba da kalmar sirri, a ara maka ikon na ɗan lokaci. Kamar makullin rumbu ne da maigida yake ratayewa a ɗakinsa: hatsin nasa ne, amma ba ya barin ƙofar a buɗe don kawai nasa ne. Kuma ba a tsananta maka ba, domin idan ka ba da ita sau ɗaya a tagar umarni, kwamfutar takan tuna har tsawon minti 15.

A waɗannan shekarun ina kula da kwamfutocin wani shagon buga takardu da ɗalibai suke cika shi a ƙarshen zango. Akwai babbar kwamfuta guda da muke tara kundayen ɗaliban ajin ƙarshe a cikinta, kuma mun sa mata Ubuntu ne saboda ƙwayoyin cutar da suke yawo a filashin ɗalibai ba sa iya tashi a kansa. Akwai wani yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa da yake aiki tare da mu, wanda ya gaji da buga kalmar sirri, sai ya riƙa buɗe tagar umarni da ikon root tun da safe, ya bar ta a buɗe har dare. Wata ranar Talata da yamma, lokacin hunturu, janareto yana ta ruri a bakin ƙofa kuma shagon ya cika har waje, wata ɗaliba ta miƙo filashinta ta ce ya ƙi buɗewa, a goge mata shi gaba ɗaya. Yaron ya san wani umarni da ake kira dd, wanda yake bi ta kan faifai yana shafe komai daga farkonsa. A Linux kowane faifai yana da sunansa: babban faifan da yake cikin injin yakan zama sda, filashin da aka soka kuma sdb. Yana magana da wani, yana karɓar kuɗin wani, sai ya rubuta sda a inda ya kamata ya rubuta sdb, ya danna.

Injin bai tambaye shi komai ba, domin tun da safe ya riga ya gaya masa cewa shi ne mai iko. Ina daga can gefe ina cire takarda da ta maƙale a firinta, sai idona ya kai kan ƙaramar fitilar gaban babbar kwamfutar, na ga ta tsaya da haske ba ta ƙiftawa, ita kuwa fitilar filashin a mace. Kafin in iso ya tsayar da umarnin, amma an riga an cinye farkon faifan, inda taswirar duk abin da yake cikinsa take. Allon yana nan kamar babu abin da ya faru, sai dai duk abin da aka latsa ba ya buɗewa, kuma da muka kashe muka kunna, injin bai sake tashi ba. Har yau ina tuna wata baiwar Allah da take tsaye da rubutunta na hannu a cikin leda, an gama buga mata babi huɗu, saura kwana biyu ta kare kundinta a gaban malamai. Ba ta yi faɗa ba, ta dai zauna a kan benci tana salati.

Abin da ya cece mu wata al'ada ce da mai shagon ya ɗora mana, wadda yaran suke gunaguni a kanta: kowace Alhamis kafin a rufe, sai an kwafe dukan kundayen a kan faifan CD, an rubuta kwanan wata a bayansa da maka. Yakan ce mahaifinsa ya gaya masa ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin da aka yi daga Juma'a zuwa Talata ne ya salwanta, muka kwana muna sake buga shi daga takardun ɗalibai har kiran assalatu. Ba zan ce maka kalmar sirri tana gyara harafin da aka rubuta ba daidai ba, ba ta gyarawa. Amma da ta tsayar da shi, da ya ɗago kai ya sake duba layin, kuma ni na yi imani da zai gani, domin yaron ba wawa ba ne.

Saboda haka, hanyar kashe kalmar sirrin tana nan, ba zan ɓoye maka ba, amma ba daga bakina za ka ji ta ba. Abin da ya fi damuna da ku yaran yanzu ma ba wannan ba ne. Shi ne yadda mutum zai ga dogon umarni a wani zauren WhatsApp ko a ƙarƙashin wani bidiyo, ya kwafo, ya liƙa, ya ba da kalmar sirrinsa, alhali bai san ma'anar kalma ɗaya a ciki ba. Mu a lokacinmu intanet ta yi tsada, dole muka koyi rubuta kalmar man kafin sunan umarni mu karanta bayaninsa a cikin injin, kuma wannan littafin yana nan a kwamfutarka, ba ya cin data. Ka sani cewa abin da ka goge da linzami yana tafiya kwandon shara, kana iya dawo da shi, amma abin da ka goge da umarnin rm ya tafi ke nan. Kakarka takan ce magana zarar bunu ce, to haka umarni yake a wannan tagar. Idan za ka goge filashi, ka buɗe manhajar Disks, wadda za ta nuna maka girman kowane faifai da sunan kamfaninsa, ka ga da idonka wanne ne naka.

Manhaja kuma ka ɗauko ta daga rumbun Ubuntu kansa, ka bar tsintar ta a shafukan da ba ka sani ba. Ka tsaya a kan fitowar da ake kira LTS, wadda take zuwa a watan Afrilu bayan kowace shekara biyu, kamar 22.04 da 24.04, ana kuma yi mata gyara na shekara biyar. Kada ka fara sabuntawa sai batirinka ya cika, domin idan wuta ta ɗauke kuma injin ya mutu a tsakiyar aikin, za ka sha wahala kafin ya koma daidai. Ka sami faifan waje guda, ka zaɓi rana a mako, ka riƙa kwafe karatunka a kai, kuma kada ka ajiye shi a jaka ɗaya da kwamfutar.

Tunda kundinka yana tafe, ga wani abu da ɗalibai suke kuka da shi. Idan ka gama rubutu a LibreOffice, manhajar rubutu da ake amfani da ita a Ubuntu, za ka kai shago a buga, ka fitar da shi a matsayin PDF, in ba haka ba shafukanka suna iya zamewa idan aka buɗe su a Word, jadawali ya tsallaka wani shafi. Wanda malami zai yi wa gyara ne kawai za ka adana a matsayin docx. Kuma na ga a saƙonka kana rubuta kasa a inda kake nufin ƙasa. Ka shiga saitin madannai ka ƙara Hausa ta Najeriya, tana ciki, sannan ka riƙa sauyawa tsakaninta da Turanci ta hanyar danna maɓallin Super, wato mai alamar Windows, tare da na tazara.

Maganar abokanka kuwa, ni da linzami nake yin mafi yawan aikina, kuma ina buɗe baƙar taga ne idan ita ce hanya mafi kusa. Yaushe ne take zama mafi kusa, wannan ba abin da zan iya rubuta maka ba ne, sai muna zaune gaban injin. Idan ka zo hutun Sallah ka taho da kwamfutar da cajarta, ka kuma taho da ɗaya daga cikin abokan naka, ina so in ji umarnin da suke rubutawa, su fassara mini shi kalma bayan kalma. Ka gaishe da mahaifiyarka da ƙannenka.

Baffanka.